Yadda Ake Cin Kakar Tseren Zamiya a Kan Dusar Ƙanƙara: Amsa da Misalin Kakar 2018/2019

Wani mai karatu ya aiko da tambaya yana cewa ya kalli tseren gangarar dutsen Kitzbühel na shekarar 2019, wanda ya ji ana kiran sa tsere mafi hatsari a duniyar zamiya a kan dusar ƙanƙara, ya kuma ga Dominik Paris na Italiya ya lashe shi, amma da kaka ta ƙare sai aka miƙa babban kofi ga Marcel Hirscher na Ostiriya, mutumin da ko shiga wannan tseren bai yi ba. Yana son ya san yadda aka yi hakan ta faru, da yadda ake lissafin kakar gaba ɗaya, da kuma ko haka abin yake a ɓangaren mata.

Malam, abin da ka gani ba kuskure ba ne, kuma ba son kai aka yi ba. Babban kofin wannan gasa na wanda ya fi kowa tara maki ne daga ƙarshen Oktoba zuwa tsakiyar Maris, kamar yadda ake cin gasar lig a ƙwallon ƙafa, saboda haka tseren Kitzbühel, duk da kwarjininsa, maki 100 yake bayarwa, daidai da tseren da aka yi a wani ƙaramin tudu da ba kowa ya san sunansa ba. Amma wannan gajeriyar amsa ba ta ƙosar da kai ba, domin akwai wani abu a cikin jadawalin gasar kansa da yake karkata ma'auni zuwa ga wani irin ɗan tsere, kuma kakar da ka ambata ta nuna shi ƙarara.

Gasar da muke magana a kanta ita ce Kofin Duniya na tseren zamiya daga kan duwatsu, wadda hukumar wasannin zamiya ta duniya, wato FIS, take shiryawa, hukumar da aka kafa a Chamonix ta Faransa a 1924 kuma hedikwatarta take Suwizalan. Tunanin kafa gasar ya samo asali ne a 1966 a Portillo ta ƙasar Cile, inda wani ɗan jarida mai suna Serge Lang ya zauna da kocin Faransa Honoré Bonnet da kocin Amurka Bob Beattie, suka ga bai dace a riƙa tantance gwanin duniya da tsere ɗaya na rana ɗaya ba, alhali iska ko hazo na iya ɓata wa gwani rana. Aka fara a 1967, Jean-Claude Killy na Faransa ya ci ta maza, Nancy Greene ta Kanada ta ci ta mata. Tun daga lokacin maza da mata kowa da jadawalinsa, galibi a duwatsu daban-daban, ba sa haɗuwa sai a wurare ƙalilan da kuma makon ƙarshe. Kyautar kuwa wani dunƙulen ƙarau ne mai siffar duniya a kan gindi, babba ɗaya ga zakaran kaka baki ɗaya, ƙanana kuma ga zakaran kowane fanni.

Fannonin nan su ne mabuɗin amsar, don haka bari in tsaya a kansu. Manyansu huɗu ne, an kasa su gida biyu. Gida na farko shi ne na gudu, wato gangara da sufa-ji. A gangara ɗan tsere yana saukowa sau ɗaya tak daga kan dutse zuwa gindinsa, ƙofofin da zai bi ta cikinsu suna nesa da juna, aikinsu kawai su nuna masa hanya su kuma rage masa gudu a wuraren da za su iya halaka shi. Hanyar Lauberhorn da ke Wengen ta haura kilomita 4, tana cin kusan minti biyu da rabi, kuma a kanta ne Johan Clarey na Faransa ya kai gudun kilomita 161.9 a awa a 2013. Ta Kitzbühel, wadda ake kira Streif, ba ta kai ta tsawo ba, mita 3,312 ce, amma daƙiƙoƙi kaɗan bayan tashi mutum zai tarar da wani gangare da tsinin saukarsa ya kai kashi 85 cikin ɗari, ya tashi sama ya dira a kan ƙanƙara mai tauri. Saboda wannan hatsari ne doka ta tilasta a yi gwajin hanya kafin ranar tsere. Sufa-ji ya fi gangara yawan lanƙwasa, ya ɗan gaza ta gudu, kuma ba a yin gwaji a kansa; da safe za a bar 'yan tsere su bi hanyar a hankali su duba ta da ido su haddace, sai kuma su sauko da cikakken gudu a karo na farko kuma na ƙarshe. A ganina shi ne fannin da ya fi gwada basira, ko da yake bai kai gangara farin jini ba.

Gida na biyu shi ne na gwaninta, wato silalom da babban silalom. A silalom turakun roba masu lanƙwasuwa suna kusa da juna ƙwarai, ɗan tsere yana juyawa kusan kowace daƙiƙa, yana bugun turakun da hannu da ƙwauri, shi ya sa za ka gan shi da kariya a haɓa da hannu da ƙafa. In turke ya shiga tsakanin allunan ƙafarsa biyu da yake zamiya a kansu, an fitar da shi ke nan, komai tazarar da ya bayar. Babban silalom ya fi faɗin juyi da gudu, kuma masu koyarwa suna ɗaukar sa a matsayin tushen sauran fannonin duka. A waɗannan biyun ana saukowa sau biyu a rana ɗaya a kan shimfiɗar ƙofofi daban-daban, a haɗa lokutan biyu. Mutum 30 na farko ne kawai suke tsallakawa zuwa saukowa ta biyu, kuma ana juya jerin, na 30 ya fara, wanda yake kan gaba ya sauko a ƙarshe, lokacin da allunan mutum 29 sun riga sun haƙa ramuka a gindin kowane turke. Bambancin gidajen biyu ya kai har ga kayan aiki: allon silalom na maza ba ya gaza santimita 165, na gangara kuwa ba ya gaza 218, kuma jikin da ya dace da ɗaya ba lallai ya dace da ɗayan ba, domin mai gangara yana amfana da nauyi, mai silalom yana amfana da saurin ƙafa. A kakar 2018/2019 akwai ƙarin fannoni biyu ƙanana, haɗaka, inda ake gama saukowar gudu ɗaya da ta silalom ɗaya, da kuma tseren kafaɗa da kafaɗa, inda mutum biyu suke saukowa lokaci guda a hanyoyi biyu masu kama da juna, wani lokaci a kan tudun da aka gina cikin birni kamar Oslo da Stockholm.

Rabon maki iri ɗaya ne a kowane tsere na yau da kullum. Na ɗaya 100, na biyu 80, na uku 60, na huɗu 50, na biyar 45, haka yake raguwa har na 30 ya sami maki 1. Wanda ya faɗi ko ya kauce wa ƙofa ba ya samun komai. Tazarar lokaci ba ta shiga lissafi. Ko da kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa ka ci, ko da daƙiƙa biyu, makinka 100 ne. Abin lura a nan shi ne wanda ya zo na biyu sau biyar ya tara 400, daidai da wanda ya ci sau huɗu ya faɗi sau ɗaya, wato tsarin yana girmama mai ɗorewa kusan kamar yadda yake girmama mai nasara.

Shi kansa Paris ya ɗanɗana wannan a fanninsa. A kakar 2018/2019 an yi gangarar maza takwas, ya ci huɗu daga ciki, a Bormio da Kitzbühel da Kvitfjell da Soldeu, amma ƙaramin kofin gangara bai zo hannunsa ba. Beat Feuz na Suwizalan ne ya ɗauke shi da tazarar maki 20, alhali sau ɗaya kawai ya yi nasara, a Beaver Creek ta Amurka. Sirrin Feuz shi ne kusan kowane mako yana cikin ukun farko, shi kuwa Paris ya yi wasu tseren da ya koma baya ya zubar da maki. A lokacin Feuz mutum ne da gwiwarsa ta daɗe da lalacewa har ba ya iya yawan atisaye kamar takwarorinsa, sai ya maye gurbin ƙarfi da iya taka ƙanƙara a hankali ba tare da allunansa sun kankare ta sun rage masa gudu ba. Paris ya huce da ƙaramin kofin sufa-ji, bayan nasarori uku a wannan fanni.

Yanzu ga lissafin da yake amsa tambayarka kai tsaye. A wannan kaka, bayan soke waɗanda yanayi ya hana, maza sun yi tseren gudu 15, gangara 8 da sufa-ji 7. Na gwaninta kuwa, in aka haɗa silalom da babban silalom da na kafaɗa da kafaɗa, sun kai 21. Hirscher ya gama kaka da maki 1,546. Ke nan da a ce Paris ya ci dukkan tseren gudu 15 ba tare da ya rasa ko ɗaya ba, abin da babu wanda ya taɓa yi, da makinsa daga can 1,500 ne, har yanzu bai kamo Hirscher ba. A zahiri ya ci tsere bakwai, Hirscher ya ci tara, bambancin biyu kacal, amma ya ƙare a na huɗu da maki 950, bayan Alexis Pinturault na Faransa da Henrik Kristoffersen na Norwe, waɗanda dukansu 'yan gidan gwaninta ne. Dalilan wannan rinjaye ba ɓoyayyu ba ne. Tseren gudu yana bukatar dogon dutse, da ragar kariya mai nisan kilomitoci, da kwanakin gwaji, da sarari mai haske har jirgin ceto mai saukar ungulu ya iya tashi, don haka ya fi tsada kuma ya fi saurin sokuwa. Silalom kuwa ana iya yin sa da dare a ƙarƙashin fitilu a ranar Talata, kamar yadda ake yi a Schladming, inda dubban mutane suke cika gindin tudu.

Kada wannan ya sa ka raina abin da Hirscher ya yi, domin jadawalin nan ɗaya ne ga Pinturault da Kristoffersen, kuma ya ba na biyu tazarar maki 401. Wannan shi ne babban kofinsa na takwas a jere, daga 2012 zuwa 2019, alhali kafin shi mafi yawan da wani namiji ya tara biyar ne, wato Marc Girardelli, a mata kuma Annemarie Moser-Pröll tana da shida. Kakar ta fara masa da jinkiri, domin an soke tseren buɗewa na maza a Sölden saboda dusar ƙanƙara da iska, sai a Levi ta Finlan ya ci silalom na farko, wurin da ake ba zakara barewar arewa ya raɗa mata suna. A Disamba, a Alta Badia ta Italiya, ya ci babban silalom da tazarar daƙiƙa 2.53, wadda a wannan wasa tamkar a ce mutum ya shiga gida ya sha ruwa kafin na biyu ya iso. Ƙarfinsa yana fitowa ne a inda ƙanƙara ta fi tauri. Masu shirya hanya suna cusa ruwa cikin dusar ƙanƙara ya daskare, don kada ta rududduge bayan mutum goma sun wuce, kuma a kan irin wannan daɓe sai wanda bakin allonsa ya kama sosai yake iya tsayawa. Hirscher da mahaifinsa Ferdinand da ma'aikatansa sun shahara da ƙwaƙƙwafi a kan kayan aiki, har yakan sauya alluna ko saitin takalmi tsakanin saukowa ta farko da ta biyu idan rana ta sauya yanayin ƙanƙara.

Duk da haka, wanda ya bi kakar da kyau ya ga alamun gajiya. A Madonna di Campiglio turke ya shiga tsakanin allunansa, Daniel Yule na Suwizalan ya ci nasararsa ta farko. A Janairu wani matashi ɗan Faransa, Clément Noël, ya ci silalom a Wengen ya sake ci a Kitzbühel, inda Hirscher ya zo na biyu. Ka ga ya je Kitzbühel ɗin, ranar gangara ce kawai ba tasa ba. Nasararsa ta ƙarshe a Kofin Duniya ita ce ta daren Schladming a ƙarshen Janairu, daga nan bai sake cin tsere a gasar ba har kaka ta ƙare. Makin da ya tara a Disamba da Janairu ne suka kai shi gaci.

Akwai wani rikici a wannan kaka da ya taɓa lissafinsa. A farkon Disamba Stefan Luitz na Jamus ya ci babban silalom a Beaver Creek, Hirscher yana biye, kuma ita ce nasararsa ta farko bayan ya dawo daga tsinkewar jijiyar gwiwa. Sai hoto ya fito yana shaƙar iskar oksijin daga tulu tsakanin saukowa biyu, abin da dokar FIS ta hana a wurin tsere, amma dokar hukumar yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari ta duniya ba ta hana ba. A Janairu FIS ta ƙwace nasarar ta ba Hirscher, a Maris kuma kotun sauraron ƙararrakin wasanni da ke Lausanne ta mayar wa Luitz abinsa, bisa hujjar cewa dokar hukumar duniya ce take sama. Shi ya sa za ka iya tarar da tsofaffin rahotanni suna ba Hirscher nasara goma a kakar, alhali tara ce ta tabbata.

A ɓangaren mata tsarin maki ɗaya ne, amma labarin ya bambanta, domin Mikaela Shiffrin ta Amurka ba ta tsaya a gidan gwaninta ba. Ta ci tsere 17 a kaka ɗaya, ta karya tarihin 14 da Vreni Schneider ta Suwizalan ta kafa a kakar 1988/1989: silalom takwas, babban silalom huɗu, sufa-ji uku, kafaɗa da kafaɗa biyu. Nasararta ta sufa-ji a Lake Louise ta Kanada a farkon Disamba ita ce ta farko gare ta a wannan fanni, kuma da ita ta zama wadda ta taɓa cin tsere a dukkan fannoni shida na lokacin. Ta 15, wadda ta karya tarihin, ta zo ne a Špindlerův Mlýn ta Jamhuriyar Cek, wurin da ta fara shiga Kofin Duniya a 2011 tana 'yar shekara 15. Ta gama da maki 2,204, Petra Vlhová ta Sulobakiya ta biyo ta da 1,355, Wendy Holdener ta Suwizalan ta zo ta uku. Ta haɗa babban kofi, na uku a jere, da ƙanana uku: silalom, babban silalom, da sufa-ji.

Abin da ya fi burge ni a kakarta ba yawan nasarorin ba ne, a'a, tseren da ta ƙi shiga. Ta tsallake mafi yawan gangara, ta tsallake wasu sufa-ji, ta koma ta huta ta yi atisaye, alhali tana iya zuwa ta tsinci maki 40 ko 50 a kowannensu. Wannan ne ya sa ba ta kamo tarihin Tina Maze ta Sulobeniya ba, wadda ta tara 2,414 a kakar 2012/2013 ta hanyar shiga kusan komai. Amma gangara tana cin kwana huɗu ko biyar na mako saboda gwaji, kwanakin da mai silalom take bukata don kada ƙafarta ta yi nauyi, ga kuma hatsarin rauni da yake iya kashe kaka baki ɗaya. Sofia Goggia ta Italiya, wadda take riƙe da zinaren gangara na Olamfik na 2018, ta karye a idon sawu wajen atisaye kafin a fara kaka, ba ta dawo ba sai ƙarshen Janairu, kofin gangara ya tafi hannun Nicole Schmidhofer ta Ostiriya. Zaɓen tseren da za a shiga wani ɓangare ne na gasar, kuma a nan Shiffrin da masu horar da ita, ciki har da mahaifiyarta Eileen, sun yi lissafi daidai. Har ma babban kofin ya tabbata a hannunta ne ba ta wurin, a farkon Maris, lokacin da dusar ƙanƙara mai yawa ta tilasta soke tseren gudu a Rosa Khutor ta Rasha, makin da suka rage suka kasa isar kowa ta kamo ta.

Vlhová ta cancanci a ambace ta, domin ita kaɗai ce ta riƙa matsa wa Shiffrin. Ta doke ta a Oslo ranar 1 ga Janairu, ta doke ta a silalom na dare a Flachau, kuma a Maribor su biyun suka yi kunnen doki a babban silalom, lokacinsu ɗaya har zuwa kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa, aka ba kowace maki 100. Tun da na ambaci agogo, a Crans-Montana ta Suwizalan na'urar auna lokaci ta gaza ga wasu 'yan tsere a gangarar mata ta Fabrairu, aka koma lissafin hannu, aka raba kyaututtuka, sai bayan kwanaki aka gano an yi kuskure wajen gyaran lissafin. Goggia ta ci gaba da riƙe nasararta, amma Joana Hählen da Lara Gut-Behrami suka sauka daga na biyu da na uku, Schmidhofer da Corinne Suter suka hau. A wasan da maki 20 suke raba kofi, irin wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Wani abu da yake rikita masu kallo shi ne Gasar Zakarun Duniya, wadda ake yi duk shekara biyu a watan Fabrairu, a tsakiyar kaka. Ta 2019 an yi ta a Åre ta Suwidin. Lambobin zinare da azurfa da tagulla ake bayarwa a can, ko maki ɗaya ba ya shiga lissafin Kofin Duniya, haka ma Olamfik. Paris ya ci zinaren sufa-ji a can, Hirscher ya ci na silalom a ranar da 'yan Ostiriya suka kwashe lambobin uku duka, Kristoffersen ya doke shi a babban silalom. Shiffrin ta ci sufa-ji, ta ci silalom karo na huɗu a jere tana fama da ciwon ƙirji da tari, Vlhová ta ci babban silalom. Amma abin da aka fi tunawa da Åre shi ne bankwana biyu. Aksel Lund Svindal na Norwe, mai babban kofi biyu da nasara 36, ya yi tserensa na ƙarshe a gangarar da aka gajarta saboda dusar ƙanƙara da take zuba, ya zo na biyu, abokinsa Kjetil Jansrud ya riga shi da kashi 2 cikin ɗari na daƙiƙa. Washegari Lindsey Vonn ta Amurka, wadda gwiwoyinta suka hana ta yawancin kakar kuma ta faɗi mummunar faɗuwa a sufa-ji kwanaki kaɗan kafin nan, ta ci tagulla a gangara bayan Ilka Štuhec da Suter. Tana da nasara 82 a lokacin, huɗu suka rage ta kamo 86 na Ingemar Stenmark na Suwidin, wanda a lokacin ya fi kowa yawan nasara a Kofin Duniya, kuma shi Stenmark ɗin, wanda ba ya son fitowa bainar jama'a, ya zo gindin dutse ya tarbe ta da furanni. Shiffrin ce ta zo ta wuce 86 ɗin a Maris na 2023, a wannan dutse na Åre.

Makon ƙarshe, wanda aka yi a Soldeu ta Andora a tsakiyar Maris, yana da dokarsa dabam. Mutum 25 na saman kowane fanni ake gayyata, da waɗanda suka tara maki 500 a jimla, da zakaran matasa na duniya a fannin, kuma 15 na farko ne kawai suke samun maki, don haka wanda ya zo na 16 ya tashi a tutar babu. Ta ƙofar zakarun matasa ce Alice Robinson ta Niyu Zilan, 'yar shekara 17, ta shigo babban silalom na ƙarshe ta zo ta biyu bayan Shiffrin.

In ka tambaye ni ko tsarin ya yi adalci, zan ce ya yi wa masu gudu ƙwauro a waɗancan shekaru, kuma su kansu sun sha kokawa a kan haka. Mutumin da yake jefa ransa a Streif ya cancanci damar maki daidai da ta wanda yake juyi tsakanin turaku. Sai dai ba zan ce ƙofar a rufe take ba, domin wanda ya haɗa gudu da babban silalom yana iya wuce kowa. Marco Odermatt na Suwizalan ya nuna haka a kakar 2022/2023, inda ya tara maki 2,042 ba tare da ya shiga silalom ba, ya karya tarihin maza na 2,000 da Hermann Maier na Ostiriya ya kafa. Wanda jadawalin yake hana wa babban kofi shi ne mai fanni biyu na gudu kaɗai, irin Paris da Feuz, kuma su ma sun san haka tun kafin a fara kaka, shi ya sa burinsu yake kan ƙananan kofuna da kan Wengen da Kitzbühel, inda a Kitzbühel ɗin sunan wanda ya ci gangara yake hawa jikin ɗaya daga cikin kekunan igiya da suke kai mutane saman dutsen.

Shi kuwa Hirscher, ranar 4 ga Satumba 2019 ya tara 'yan jarida a Salzburg ya sanar da cewa ya ajiye tsere yana ɗan shekara 30, da nasara 67 da kofunan ƙarau 20, manya takwas da ƙanana 12, adadin da ya yi daidai da na Vonn. A kakar da ta biyo baya, wadda annobar korona ta katse kafin makon ƙarshe, babban kofin maza ya tafi hannun Aleksander Aamodt Kilde na Norwe, ɗan gidan gudu da yake taɓa babban silalom, kuma tsere ɗaya kacal ya ci a kakar.